Faskaren da Ya Ɗauki Mutum Ɗaya

Ranar Lahadi kasuwar Jibiya ke ci, kuma ranar Lahadi Innata ke zuwa daga Riko da ƙwaryar daddawa a ka. Ba kasuwa take fara sauka ba. Rumfata take fara zuwa, inda nake sayar da tuwo da fura ga direbobin motocin gyaɗa, dab da shingen kwastan. Sai ta sauke kaya, ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar jikoki, sannan ta yi shiru tana kallon hanya. Idan ta yi wannan shirun na san akwai tambayar da ta kwana da ita. Ba ni ce mai amsa ba, mijina ne. Ni dai ta bakina tambayar ke bi.

Mu asalinmu mutanen ƙetare ne. Ƙauyenmu yana cikin ƙasar da Faransi ke mulki, ba nisa da iyaka. Mu biyu muka rayu cikin waɗanda Inna ta haifa: yayana, wanda shi ne ɗan fari, sai ni. Ubanmu ya rasu ina goye. Lokacin babban yaƙi aka zo ɗibar samari, rana ɗaya aka tafi da yayana da amininsa, ɗan maƙwabtanmu, wanda suka sha kaciya tare suka yi kiwon tumaki tare. Bayan tafiyarsu Inna ta ce ba za ta ƙara shuka ko ƙwayar gero a ƙasar da ake shiga gida a ɗauki ɗan mutum ba. Muka tattara komatsanmu muka tsallako wurin ƙanenta, kawuna, a Riko.

Yaƙi ya ƙare, aminin ya dawo shi kaɗai. Ya je ƙauyenmu bai same mu ba, ya yi ta tambaya har ya iso Riko. Ina tuna shigowarsa. Bazara ce, ƙasa kamar kasko, amma shi yana sanye da manyan takalman soja, yana dogara sanda, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Ya durƙusa gaban Inna ya faɗi abin da ya kawo shi, bai rage ba, bai ƙara ba.

Ya ce an kai su wata ƙasa mai duwatsu a can ƙasar Nasara, aikinsu hawa da abinci da harsashi a kan alfadarai zuwa ga sojojin da ke bisa. Sai ƙanƙara ta sauko. Ba irin tamu ba mai ƙwala wa mutum a ka ta narke. Wannan a hankali take sauka, kamar dusa idan ana shiƙa, ba ta da ƙara, har ta binne hanya da dutse da komai. Suka ɓace su biyu, alfadarinsu ya gangara rami. Suka jingina da wata bishiya suka kwana a nan. Gari ya waye ƙafafunsu sun zama kamar ba nasu ba. Shi yana iya magana. Yayana yana numfashi, amma ido a rufe, ba ya amsawa.

Can sai ga wani tsohon Nasara, ba soja ba, mutumin ƙauye, yana sulalowa a kan wasu dogayen katakai biyu da ya ɗaura a ƙafa. Ya tsaya a kansu. Ya taɓa wuyan wannan, ya taɓa wuyan wancan. Ya kwance katakan, ya haɗa su da igiya da sandunansa, ya mirgina aminin a kai ya ɗaure shi. Aminin ya ce ya yi ta ihu yana nuna yayana, da Hausa da ɗan Faransancin da ya iya, amma tsohon ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna ƙirjinsa, ya yi alamar zai dawo. Ya ja shi har gangare. Kuma ya cika alkawari, ya koma da mutane. Sun tarar rai ya yi halinsa.

Inna ba ta yi kuka ba a gabansa. Ta ce, "Mi ne ne sunan abin?"

Ya ce, "Wane abu, Inna?"

"Abin da ya ɗauke ka."

"Siki suke ce mishi."

Ta maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana magani. Daga nan ta tashi ta ɗora masa ruwan wanka.

Ya zauna a Jibiya domin babu sauran wanda ya rage masa a ƙauye, kuma noma ya fi ƙarfin ƙafarsa. Ya kama ɗinkin buhunan gyaɗa da suka yage a hanya, aikin zaune. Idan Nasara ko Larabawan nan 'yan kasuwa da ake kira Kwara suka zo daga Maraɗi aka rasa mai jin bakinsu, sai a kira shi tafinta. Yakan zo Riko gaishe da Inna, ya kawo mata goro. A haka na girma a gabansa, a haka kuma na so shi. Ba wanda ya sa ni. Mutum ne mai sanyin murya, in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu kamar ya yi laifi. Da maganar aure ta taso, kawu ya yi tsammanin Inna za ta ƙi. Ta ce, "In ba shi ba, wa ya ga ƙarshen ɗan'uwanta? Gara shi zamna kusa."

Abin da ba mu lissafa ba shi ne kunya. Kafin aure Inna takan zaunar da shi ta tambaye shi baki da baki. Da ya zama suruki, wannan ƙofa ta rufe. Ba sa haɗa ido, ba ya cin abinci inda take, in ya hango ta a hanya sai ya ratse. Amma tambayoyinta ba su ƙare ba. Saboda haka muka samu wata hanya. Akwai zana tsakanin rumfata da inda yake ɗinki. Ita tana zaune ta wannan gefe, shi ta wancan, kowa yana jin tarin kowa, ni ina tsakiya da muciya a hannu.

"Ce mishi, da suka jingina da iccen, gabas suka fuskanta?"

Sai in juya ga zana in ce, "Inna na tambaya, gabas kuka fuskanta?"

"Ce mata ba rana a ƙasar a lokacin, ban iya sanin gabas ba."

Direbobi sukan yi mana dariya, su ce ga tafinta ya samu tafinta. Ba su san abin da ake tambaya ba. Wata Lahadi tambayar ita ce ko yana da bargo. Wata Lahadi, ko ya ci wani abu a ranar. Ko ya yi kalmar shahada. Ko an yi masa wanka. Wanda mijina ya sani ya faɗa, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, domin lokacin da aka binne yayana shi yana asibiti ana yanke masa yatsun ƙafa. Bai taɓa ƙirƙiro mata amsa don ta ji sanyi ba. Na sha roƙonsa. Na ce, "Malam, in ka ce ya yi shahada mi zai ragu gare ka?" Ya ce, "In na yi mata ƙarya guda, sauran da na gaya mata duk sun zube."

Amma tambayar da ta fi dawowa ita ce ta abin nan. Mene ne siki? Me sunan yake nufi? Ya sha gaya mata katako ne, ta ƙi yarda katako ne kawai. Ta ce, "Turmi icce ne, amma ba a ce mishi icce. Allo katako ne, amma ba a ce mishi katako. Abin da ya samu suna nashi na kanshi, akwai abin da ya raba shi da sauran." A ranta ta riga ta ƙera shi. Wani kayan hikimar Nasara ne, kamar keken hawa ko keken ɗinki, wanda sai a babban birni ake yinsa, wanda aka yi shi don mutum ɗaya, ko sarki ya zo ba zai ɗauki biyu ba. Na lura idan ta yi wannan bayanin fuskarta takan ɗan saki. Abu ne da aka hukunta tun a wurin ƙira, ba wanda ya zaɓa, ba wanda aka ƙi.

Mijina ya ɗauki tambayar da gaske. Ya tambayi Nasaran duwan, wato kwastan na wancan ƙetare. Ɗaya ya yi dariya ya ce siki ai siki ne. Wani mai ɗan hankali ya ce kalmar ba tasu ba ce, aro suka yi daga wasu mutane na can arewa da su, inda ƙanƙara ke kwana rabin shekara, amma bai san me take nufi ba. Ya tambayi malamin kwastan namu mai Turancin Ingilishi, shi ma ya ce bai taɓa jin ta ba. Haka shekaru suka yi ta wucewa. Na haifi ta fari, na haifi na biyu. Motocin gyaɗa suna sauka daga Maraɗi suna wucewa Kano, Inna tana zuwa ranar Lahadi.

Wata rana da rani, tsakiyar mako, wata mota mai kama da ɗaki ta iso shinge tana hayaƙi. Wani Bature ne dogo, gashinsa fari kamar audugar rimi ko da yake ba tsoho ba ne, tare da matarsa. Hamada suka ƙetaro, Kano za su. Motar ta yi zafi, dole su jira ta huce, kuma inuwar da ta fi kusa ita ce rumfata. Aka kira mijina domin Baturen yana jin Faransanci. Matar ta sha fura ta yamutsa fuska, sannan ta ƙara sha. Yara suka taru suna kallon jan wuyansu.

Da la'asar ta yi mijina ya koma gefen zana ya tuɓe takalma zai yi alwala. Baturen ya zagayo neman ruwan da zai zuba wa mota, idonsa ya faɗa kan ƙafafun. Ta hagu ba yatsa ko ɗaya. Ta dama kusan rabinta babu. Mijina ya yi sauri zai rufe da riga. Baturen bai kawar da kai ba kamar yadda mutane ke yi. Ya tsuguna, ya miƙo hannunsa na hagu. Yatsu biyu guntaye ne. Ya faɗi kalma ɗaya, mijina ya gyaɗa kai.

Bayan salla suka zauna suka daɗe suna magana. Ni ba na jin Faransanci, amma na ji lokacin da kalmar siki ta fito daga bakin mijina, na ga Baturen ya buɗe ido ya dafa ƙirjinsa. Mijina ya juyo ya ce mini, "Ke, zo ki ji. Ya ce maganar ƙasarsu ce."

Na aje ludayi na matso. Direbobi biyu da ke cin tuwo su ma suka kasa kunne. Mijina yana juya mana da Hausa.

"Ya ce su ba siki suke cewa ba. Faransawa ne suka karanta ta haka. Su a bakinsu, shi suke cewa."

Wani direba ya ce, "Shi wa?" Aka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Inna ba ta taɓa kama sunan yayana ba, kunyar ɗan fari. Tun ina yarinya har ranar, in za ta ambace shi, shi kawai take cewa. Shi ya ci? Shi yana da bargo? Na dafa ginshiƙin rumfa.

Mijina ya sake tambaya, wannan karon a hankali. Baturen ya duba nan, ya duba can, ya tashi ya nufi murhuna. Ya sunkuya cikin tulin itacen da nake girki da shi, ya zaro guda, ya ɗaga mana. Ya yi alamar gatari da hannu, ya yi magana.

Mijina bai juya mana nan take ba. Sai da na ce, "Mi ya ce?"

"Ya ce tsohuwar magana ce ta kakanninsu. Icce da aka tsaga. Faskare. Ya ce can da, mutum kan sari icce ya faskara shi, ya fere, ya ɗaura a ƙafa. Sunan bai canza ba. Faskare ke nan, ba wani abu ba."

Baturen yana murmushi, yana jin daɗin an tambaye shi abin gida a wuri mai nisa haka. Ba shi da laifi. Ya mayar da itacen inda ya ɗauko, ya karkaɗe hannu. Da mota ta huce suka yi sallama, ya riƙe hannun mijina da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Aka ɗaga musu shinge suka wuce.

Tun daga ranar har Asabar muna ja-in-ja. Na ce kada a gaya mata. Na ce tsohuwa ta gina wa kanta ɗan ɗaki tana fakewa, mu ne za mu yaye mata jinka? Ya ce, "Shekara nawa tana tambaya? Ni na ce mata in na ji zan gaya mata. Yanzu na ji." Na ce to ni ba za a bi ta bakina ba. Ya ce, "In kin ƙi, sai in ɗaga murya ta ji ta cikin zana. Wanne ya fi?" Na san zai aikata. Abu ɗaya na roƙa, kada a faɗi yadda mutanen ƙasar ke kiran abin a bakinsu. Ya ce wannan ba ta tambaya ba, ma'ana ta tambaya.

Lahadi ta zo. Inna ta sauke ƙwarya, ta sha ruwa, ta ɗauki ƙaramin ta ɗora a cinya. Ban jira shirunta ba. Na gaya mata an samu mutumin ƙasar, ga abin da ya ce.

Ta ce, "Faskare."

Na ce, "Haka ya ce, Inna."

Ta juya ta dubi tulin itacen da ke gefen murhu. Ta daɗe tana dubansa. Yaron yana wasa da bakin zanenta, ba ta ma sani ba. Ta cikin zana na ji basillar mijina ta tsaya.

"Ce mishi," in ji ta, "ƙasar ba ta da itace ne?"

Ban juya ba. Na ce, "Inna, ki bari."

"Ce mishi."

Kafin in buɗe baki amsa ta fito daga bayan zana. "Ce mata akwai. Daji ne. Itatuwa ko'ina, dogaye, sun fi rimi."

"To," in ji Inna. Ta sauke yaron ta tsayar da shi a ƙasa. "Da ni ce a wurin, da na faskara wani."

Sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun ranar ɗaurin aurenmu. Mijina ya yi mata magana kai tsaye, ba ta bakina ba. Ya ce, "Inna, tsoho ne shi kaɗai. Ba gatari gare shi, igiya guda ce. Ko da katako goma ne, mutum guda zai iya ja. Ni kaina sau nawa ya faɗi da ni kafin mu sauka."

Ta ce, ita ma ba ta bi ta kaina ba, "Ban ce kai ka yi ba. Ban taɓa cewa ba."

Ta ɗora gammo, na taya ta ɗaukar ƙwarya. Na zaci kasuwa za ta shiga. Sai na ga ta kama hanyar Riko da daddawarta, ko ƙulli ɗaya ba ta sayar ba.

Lahadi ta gaba ba ta zo ba. Ta bayanta ma haka. Na je na same ta tana tsinkar zogale a bayan ɗaki, ta ce lafiyarta lau, ƙafa ce ta gaji da hanya. Ta tambayi yara, ta tambayi ciniki. Ba ta ba ni saƙon tambaya ko ɗaya ba. Na dawo na huce a kan mijina, na gaya masa maganganun da ba su kamata ba. Ya ci gaba da ɗinki. Amma na lura kowace Lahadi da hantsi yakan juya tabarmarsa ta fuskanci hanyar da take fitowa.

Damina ta sauka, gulbi ya kawo, motoci suka ragu. Matar kawu ta gaya mini Inna ta daina yin daddawa, ta daina zama cikin mata da yamma, sai dai ta zauna bakin ɗaki tana jan carbi. Wai wata rana an aiki yaro ya faskara itace a tsakar gida, ta tashi ta shige ɗaki ta ja asabari har aka gama.

Ana cikin yankan gero kawu ya aiko a ce mu zo, jiki ya yi tsanani. A cikin saƙon har da cewa ta ce a zo da mijina. Muka ari jaki ya hau, ni na bi da goyo. Mun same ta a kwance ta rame, tari ya cinye ta, amma hankalinta garau. Mijina ya tsaya daga waje ya yi gaisuwa, yadda ya saba. Ta ce, "Shigo. Kunya ta masu sauran kwana ce."

Ya sunkuyo ya shiga, ya rakuɓe daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Tuɓe takalman."

Ya dube ni. Duk shekarun nan ba ta taɓa ganin ƙafarsa ba, ko kafin aure bai taɓa tuɓewa a gabanta ba. Na gyaɗa masa kai. Ya kwance igiyoyin, ya zare tsumman da yake cusawa a gaba, ya miƙe ƙafafun. Ta ce in tayar da ita. Na jingina ta a jikina. Ta duba, ta duba, sannan ta miƙa hannu ta shafa inda yatsu ya kamata su kasance.

"Haka nashi suka yi?"

"Haka, Inna. Tare muka kwana, sanyi guda ne."

"Da zafi?"

"Da farko da zafi, kamar an sa a wuta. Daga baya sai ka daina ji. Sai barci ya riƙa ɗibarka, mai daɗi, kamar na bayan an dawo gona. Ni ina ta girgiza shi kar shi yi barci. Ya ce in ƙyale shi kaɗan. Maganar da ya yi ta ƙarshe ke nan."

Wannan bai taɓa faɗa ba, domin ba a taɓa tambayarsa ba. Inna ta rufe ido. Na ji ƙirjinta yana hawa yana sauka a hannuna.

Ta ce, "Tun shina yaro haka yake. In ya kwanta sai an yi da gaske."

Ta sa na ɗauko mata ɗan kwanon man shanu da ke rataye a ragaya. Ta lakata da yatsa, ta shafa masa a ƙafar hagu, ta shafa a ta dama, a hankali, yadda take yi wa jikokinta idan kaushi ya tsaga musu dunduniya. Shi kuwa ya kifa fuska a gwiwar hannu, kafaɗunsa suna motsi. Da ta gama ta goge hannu a zane ta ce in kwantar da ita, ta gaji.

Ba ta kai ƙarshen kaka ba. Ta rasu wata safiya matar kawu tana dama mata kunu. Aka binne ta a Riko, bayan gari, kusa da gonar da ta yi shekaru tana taya ƙanenta nomewa.

Bayan an share makoki kawu ya kira mu ya ce ga abin da ta bari: tukwane, tabarma, da awaki biyu, uwa da 'ya. Tukwanen na bar wa matarsa. Awakin muka taho da su. Ba su so barin gidan ba. Uwar ta turje a ƙofa sai da kawu ya turo ta daga baya, kuma tun daga Riko har Jibiya suna waiwaye suna kuka. Mijina yana kan jaki a gaba, ni ina baya da goyo ina jan igiya, hannuna har ya yi kanta. A hanya muka gamu da masu ɗaukar dammunan gero, suna yi mana gaisuwar rashi, muna amsawa.

Mutane sukan ce daga lokacin mijina ya samu sauƙi a ransa. Ni da nake zaune da shi ba zan ce haka ba. Ya dai ƙara shiru, ya kuma ƙara haƙuri da yara. Shekaru kaɗan ya yi bayanta. Wani miki ya buɗe masa a ƙafar dama ya ƙi warkewa, aka yi na gida aka yi na asibiti, ya rasu a ɗakinsa ana gab da samun mulkin kai a sauya tuta a shinge. Awakin nan kuwa sun yi albarka, sun cika mana gida har maƙwabta suna ƙorafi. Daga cikinsu aka kama wanda aka yanka ranar sadakarsa, sauran na riƙa sayarwa ɗaya bayan ɗaya har yaran suka tasa.